Suna ɗaukar kusan kowa amma aji babu mutane: me ke faruwa a ƙananan kwalejojin fasaha?

Hamma Bello, Kumo

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka san harkar ɗaukar ɗalibai ku ƙara mana haske.

Ɗan wana ya gama sakandare, ya samu maki 152 a JAMB, kuma lantarki yake son karantawa. Jami'ar da ya sa a zaɓin farko da wuya ta waiwaye shi da wannan maki. Akwai wata ƙaramar kwalejin fasaha a nan jihar Gombe, ba sai na kama suna ba, da aka ce masa ya kawo takardunsa kawai, gurbi ba matsala ba ne, kusan duk wanda ya nema suna ɗauka. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, duk shekara sukan liƙa dogon jerin sunaye a allo, har jeri na biyu da na uku, amma waɗanda suka san makarantar sun ce in ka leƙa ajin lantarki ko rabin kujerun ba sa cika. Uban yaron ya ce wurin da kowa ke samu kuma kowa ke gudu ba banza ba.

Ina waɗannan yaran suke tafiya? Yawan ɗauka da ƙarancin masu rajista alama ce ta makarantar ba ta da kyau, ko haka abin yake ko'ina? Kuma me ya kamata mu duba kafin mu biya ko sisi?

Malam Adamu, Jekadafari

Wa alaikumus salam, Hamma Bello. Uban yaron ya kyauta da ya tsaya tambaya, sai dai abin da ya ɗora hukuncinsa a kai bai isa hujja ba. Adadi uku ne a harkar nan, mutane kuma sukan cakuɗa su: waɗanda suka nema, waɗanda aka sa sunansu, da waɗanda suka biya kuɗi suka yi rajista har aka ba su lambar ɗalibi. Na ukun nan su kaɗai ke zama a aji.

Bari in ƙaga alƙaluma don a gane, ba na wata makaranta ba ne. A ce sashen lantarki yana da kujera 40. Mutum 100 suka nema, aka liƙa sunan 90. Wanda ya ji zai ce kashi 90 cikin 100 ake ɗauka, ashe ba sa tace kowa. To a cikin 90 ɗin, a ce 32 suna jiran jami'a ko ta kira su daga baya, 15 ba su da kiredit a Fiziks ko Lissafi, 15 kuɗi ya gagara, 10 kuma sun rasa wurin kwana ko iyaye sun hana saboda nisa. Saura 18. Kenan kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka liƙa ne suka shiga aji, kujera 22 babu kowa. Ofishin rajistara ya san haka za ta faru, shi ya sa yake tsawaita jerin allo, shi ya sa kuma kake ganin jeri na biyu da na uku.

Dalilin da ya sa masu neman ba su da yawa tun farko ba ɓoyayye ba ne. Mafi rinjayen masu rubuta JAMB jami'a suke sakawa a zaɓin farko, ƙalilan ne ke fara zaɓar foliteknik. Ga kuma yawan masu rububin yaran da ke da kiredit ɗin kimiyya a yankin nan: Jami'ar Jihar Gombe tun 2004, Jami'ar Tarayya ta Kashere tun 2011, Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) a Bauchi, Kwalejin Ilimi ta Fasaha ta Tarayya a cikin Gombe, foliteknik ta tarayya a Kaltungo, ta jiha a Bajoga, ta tarayya a Bauchi da ta Tatari Ali. Duk daga tulu ɗaya suke ɗiba. Ƙaramar kwaleji abin da ya rage take samu, don haka ba ta da halin tsaurara maki. A 2025 JAMB ta sa 150 a matsayin mafi ƙarancin maki na jami'o'i, 100 kuma na foliteknik da kwalejojin ilimi. Makin yaronku da ƙyar ya haye na jami'a, sassan injiniya kuwa sukan sa nasu can sama da haka, amma ya wuce na foliteknik da nisa. Kada ma ya ga kamar shi kaɗai ne a wannan mataki, domin a cikin kusan mutum miliyan 2 da suka rubuta jarrabawar a 2025, fiye da kashi biyu cikin uku ba su kai 200 ba.

Babbar kafar da yara ke zurarewa ita ce jiran jami'a. A tsarin JAMB gurbi ɗaya kawai ɗalibi zai iya amincewa da shi a shekara. Yaro yana ganin kwaleji ta ba shi, sai ya ƙi amsawa yana sa ran jerin ƙarshe na jami'a, su kuma jami'o'i sukan ja nasu jerin har watanni. Kafin ya haƙura, kwaleji ta rufe rajista ko an yi nisa da zangon farko. Irin waɗannan sukan tashi a tutar babu, shekara ta tafi, sakamakon JAMB kuma na shekara ɗaya ne.

Sai kuɗi, kuma a nan lokaci ya fi adadin kuɗin yin tasiri. Gidaje da yawa a Dukku, Nafada, Deba da Kumo sai an sayar da wake ko masara ko riɗi ake biyan kuɗin makaranta. In rajista ta faɗo kafin kaka, babu abin sayarwa. In ta faɗo a tsakiyar kaka, farashi a ƙasa yake, uba ba ya son kai buhunsa kasuwa. Ga kuɗin amincewa da gurbi da ake biya daban kafin kuɗin makaranta, ga kuɗin sashe, ga hayar ɗaki. Inda babu ɗakin kwanan ɗalibai kuwa, 'yan mata ne suka fi sarewa, domin iyaye ba sa yarda da zaman haya a garin da ba su da dangi.

Saboda haka yawan ɗauka bai nuna lalacewa ba, ƙarancin aji ma haka. Abin da ya tsaya mini a rai a bayaninka shi ne maganar "ya kawo takardunsa kawai". Tun 2017 duk wani gurbi na difloma ta ƙasa (ND) ta cikakken lokaci sai ya bi ta manhajar JAMB da ake kira CAPS. Jerin allo ba shi ne admishan ba, takardar da kwaleji ta buga da tambarinta ma ba ita ba ce. In sunan yaro bai fito a CAPS ba, a wurin JAMB ba a ɗauke shi ba, ko da ya shekara biyu yana zuwa aji.

Injiniya Sale, Bajoga

Malam Adamu ya gama magana kan lissafi. Ni ta ɓangaren sashen zan ƙara, domin a karatun lantarki aji mara cika ba abin tsoro ba ne, cikakken da ya yi ambaliya shi ne abin gudu.

Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 mai hedikwata a Kaduna, ita ke kula da foliteknik da ire-irensu. Ba makaranta kacokan take tantancewa ba, kwas-kwas take bi. Za ka samu kwaleji tana da izini a harkar kasuwanci da kimiyyar kwamfuta, amma lantarki ba ta da shi, ko tana da shi wa'adinsa ya ƙare. Allon bakin ƙofa ba zai gaya maka wannan ba. Hukumar tana da kundin kwasa-kwasan da ta amince da su, kuma a gaban kowane kwas akwai matsayinsa, da yawan azuzuwan da aka yarda a ɗauka, da shekarar da tantancewar za ta ƙare. Cikakkiyar tantancewa shekara 5 take yi. Ku nemi sunan kwalejin, ku nemi kwas ɗin lantarki a ƙarƙashinta, ku duba shekarar. In shugaban sashe ya kasa nuna muku takardar NBTE ta kwas ɗinsa, ya fara kewaye-kewaye da "ana kan hanya", ku ɗauki hularku.

Aji ɗaya a kwas na injiniya tsakanin mutum 30 ne zuwa 40, ba ɗari ba, kuma kayan aiki ne suka yanke wannan adadi. Ɗauki darasin wayarin. Allo ɗaya na koyon haɗa soket da makunni da akwatin rarraba wuta mutum 4 ko 5 yake ɗauka in ana so kowa ya riƙe filaya ya feƙe waya da hannunsa. Ajin mutum 40 yana bukatar allo 8 zuwa 10. In aka cusa mutum 120 a kan allunan nan, kowane allo mutum 12 zuwa 15 ne a kansa, ɗaya na aiki saura na kallo, rahoton gwaji kuma kowa ya kwafi na wancan ɗayan. Haka ake yaye mai difloma da bai taɓa haɗa moto (injin lantarki mai juyawa) mai fes uku, wato mai amfani da wuta layi uku, ba. Ajin mutum 18 da ke da kaya ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Sai dai fa in akwai kayan. Don haka ku je da ƙafarku, ranar karatu ba ranar hutu ba, kuma kada ku tsaya a ofis. Ku ce a buɗe muku ɗakin koyon wayarin, da ɗakin injuna inda ya kamata a ga injunan lantarki masu juyawa da ƙananan taransifomomi na gwaji, da ɗakin ilektironik inda ake ajiye osiloskof da multimita da ƙarfen liƙin dalma, da ɗakin zane. Ku duba ko kayan a kan tebur suke da alamun hannu, ko kuwa suna cikin kwali da ledarsu. Kaya a kwali ba a koyarwa da su. Akwai kuma tsohuwar dabara ta aro kaya a kawo don ranar tantancewa a mayar bayan baƙi sun tafi, shi ya sa tambayar ɗalibin shekara ta biyu ta fi tambayar jami'in makaranta: a zangon da ya wuce sau nawa kuka shiga ɗakin gwaji, me kuka haɗa?

Ku tambayi wuta. Ɗakin injuna ba ya aiki da ɗan ƙaramin janareta ko solar ofis, yana son wuta mai fes uku. Ku tambayi malamai nawa ne na dindindin a sashen, nawa ne masu zuwa daga wata makaranta ranar Asabar. Mafi muhimmanci a wurina shi ne ma'aikacin ɗakin gwaji, domin shi ne yake tsayawa a kan yara lokacin aikin hannu. Sashen da ba shi da ko ɗaya, karatun allo kawai ake yi a cikinsa.

Abu na ƙarshe da ke cin mutane: ba kowace difloma ce difloma ta ƙasa ba. Makarantu da yawa suna da tasu diflomar ta cikin gida, wadda ba ta bi ta JAMB, ba ta kuma cikin kundin NBTE. Ita ce aka fi cewa "kawo takardunka kawai" a kanta. Shekara biyu ake yi kamar waccan, har aji ɗaya wani lokaci ake zama, amma ba a shiga babbar difloma (HND, wadda ake yi bayan ND) da ita. Ku sa a rubuta muku a takarda cewa ND ce.

Malama Hauwa, Pantami

Hamma, in kun gamsu da abin da Injiniya ya ce a duba, ga yadda za ku bi. Tsarin bi da bi yana da muhimmanci, domin yawancin waɗanda ke maƙalewa sun biya kuɗi ne kafin su gyara abin da ya kamata a fara gyarawa.

Ku fara da sakamakon sakandare, ba da makin JAMB ba. Lantarki yana son kiredit a Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Turanci, da ƙarin darasi ɗaya da ya dace, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Kiredit daga C6 ne zuwa sama. D7 da E8 ba kiredit ba ne, komai yawan A da ke kewaye da su. Sannan ku duba darussan da ya rubuta a JAMB ɗin kanta. Injiniyan lantarki Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri yake nema. Yaron da ya rubuta Bayoloji a madadin Lissafi saboda da likitanci yake buri, ko ya ci 250 manhajar ba za ta bari a ba shi lantarki ba, kuma ba a canza darussa bayan an rubuta jarrabawa.

In waɗannan sun yi daidai, ya je cibiyar jarrabawa ta kwamfuta (CBT) da JAMB ta amince da ita, ko ofishin JAMB na jiha, ya yi canjin makaranta ya mayar da kwalejin zaɓin farko. Makarantu waɗanda suka sa su a farko suke fara dubawa. A nan za ku samu amsar wata tambayar kyauta: in aka nemi sunan kwalejin da kwas ɗin lantarki a jerin JAMB ba a gani ba, magana ta ƙare. A zama ɗaya ya sa a ɗora masa sakamakon sakandarensa a shafin JAMB. Yara da yawa sun yi rajista ne da "ana jiran sakamako", NECO kuma sai wajen ƙarshen damina take fitowa, su karɓa su ajiye a gida su manta. Muddin ba a ɗora ba, kwaleji ba ta da ikon tura sunansa, ko ta so. Wannan kaɗai yana cin kaso mai yawa na waɗanda kuke gani a allo ba ku gani a aji.

Daga nan ya cika fom ɗin tantancewa na kwalejin, ya riƙa leƙa CAPS da kansa. In gurbi ya fito zai ga sunan makaranta da kwas, da wurin amincewa ko ƙi. Ya karanta kwas ɗin da kyau kafin ya danna. Wani lokaci sashe yakan tura tayin canjin kwas, a ce an mayar da shi wani fanni, kuma in ya amsa shi kenan. Akwai wa'adin 'yan makonni na amsawa, ba a barin sa a buɗe har abada. Bayan ya amince sai ya buga takardar admishan ta JAMB. Sai da wannan takarda a hannu za ku biya kuɗin amincewa da na makaranta, kuma ta banki ko ta lambar biya da shafin makarantar ya fitar da sunan yaron. Kada ku tura kuɗi asusun wani mutum, ko da ma'aikacin makarantar ne, ko da ɗan unguwarku ne.

Ranar tantance takardu za a nemi ainihin sakamakon sakandare ko wanda aka buga daga shafin hukumar, da sakamakon JAMB, da takardar admishan, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma, da hotuna. Inda ake yawan samun cikas shi ne suna. A NIN an rubuta Muhammad, a WAEC Mohammed, a takardar firamare an sa sunan kaka a madadin na uba, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. JAMB daga NIN take ɗauko suna tun 2021, don haka ku jera takardun a tabarma yau ku gwada su harafi da harafi. Gyara yana ɗaukar lokaci, gara a fara shi tun kafin a buɗe rajista. Mafi ƙarancin shekarun shiga kuma 16 ne.

Layin wayar da ya yi rajistar JAMB da shi kada ya ɓata, kada a bayar da shi, domin ta nan saƙonni ke zuwa. Lambar sirrinsa kuma kada ya bar wa mai shagon intanet. An sha samun wanda wani ya danna masa amincewa da gurbin da bai nema ba.

Bayan bikin rantsar da sababbin ɗalibai akwai abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa: ya shiga shafin JAMB ya tabbatar sunansa yana cikin jerin ɗaliban da aka rantsar. Da wannan jeri ake aiki lokacin tura ɗalibai hidimar ƙasa. A da, wanda aka ɗauka ta bayan fage yakan je daga baya a daidaita masa, amma a 2024 JAMB ta sanar ta rufe wannan ƙofa.

Bappa Isa, Dukku

Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma ban bi ka gaba ɗaya ba kan cewa ƙaramin aji alheri ne. A makarantar gwamnati haka ne, domin albashi ba daga kuɗin ɗalibai yake fitowa ba, ga kuma TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, da ke gina ɗakuna da sayen kaya. Kwaleji mai zaman kanta ba ta samun TETFund. Kuɗin mutum 18 ne zai biya malamai, ya sayi man janareta, ya sayi waya da dalma da sauran kayan da ke ƙarewa. In bai isa ba, abin da ake fara yankewa shi ne aikin hannu, sai malaman dindindin su koma masu zuwa jefi-jefi, sai a haɗe ajin lantarki da na kwamfuta a darussan da bai kamata a haɗa ba. In aka yi shekara biyu ko uku a haka, a rufe kwas ɗin, waɗanda ke ciki su rasa tudun dafawa. Don haka Hamma Bello ka gaya mana ta gwamnati ce ko ta 'yan kasuwa, amsar ta bambanta.

Adadin da ni zan tambaya ba na masu shiga ba ne, na masu fita ne. Mutum nawa suka shiga shekarar farko a lantarki shekara biyu da suka wuce, nawa suka gama, kuma sun karɓi takardar sakamakonsu ko har yanzu ana ce musu su dawo? In 18 suka shiga 16 suka fita da sakamako a hannu, makaranta ce. In 18 suka shiga 7 suka fita, a tambayi ina sauran.

A kuma yi tunanin gaba tun yanzu. Ƙananan kwalejoji da yawa ND kawai suke da ita. Bayan shekara biyu, da aikin koyon sana'a na wata huɗu a tsakaninsu, yaro zai yi shekara guda ta aikin masana'antu, sannan ya nemi babbar difloma a wani wuri, kamar foliteknik ta tarayya a Bauchi. Can za a duba matakin da ya fita da shi. A ma'aunin maki 4, daga 3.50 ne mataki mafi girma, 3.00 zuwa 3.49 babban kiredit, 2.50 zuwa 2.99 ƙaramin kiredit, ƙasa da haka zuwa 2.00 tsira kawai. Ƙaramin kiredit ake nema don babbar difloma. Mai babban kiredit kuwa jami'o'i da yawa suna karɓarsa kai tsaye zuwa aji biyu, ta fom ɗin JAMB na masu shiga kai tsaye. Ga yaro mai 152 da ke son injiniya, wannan hanya ta fi zaman gida a sake JAMB shekara bayan shekara, kuma ko bai ci gaba ba ya fita da sana'a a hannu.

Batun kuɗi kuma, bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, da naira 20,000 a wata ga ɗalibin da ya nemi na ɗawainiya. Sai makaranta ta tura bayanan ɗalibi ake duba buƙatarsa, abin kuma yakan ɗauki lokaci, don haka kada a jingina kuɗin rajistar farko a kansa.

Hamma Bello, Kumo

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Bappa, mai zaman kanta ce. Mun jera takardun kamar yadda Malama ta ce. Suna ya yi daidai, darussan JAMB ma su ne huɗun da aka ambata. Matsalar ita ce a WAEC yana da kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks da wasu biyu, amma Kemistiri D7 ne, kuma bai yi NECO ba. Wanda ya yi mana hanya ya ce ba komai, ya fara karatu ya gyara daga baya, wai ma gwamnati ta sassauta sharuɗɗa. Haka ne?

Malama Hauwa, Pantami

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar sassaucin, amma ba ta rufe muku wannan ramin ba. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa kiredit huɗu sun isa shiga ND, ciki har da Lissafi ga masu kwasa-kwasan kimiyya. Sai dai cewa aka yi kiredit a darussan da suka dace da kwas, kuma babbar difloma tana nan a kan biyar tare da Turanci da Lissafi. Yaron da ke son ya wuce ND, musamman in yana hangen shiga jami'a kai tsaye a fannin injiniya, zai tarar da Kemistirin nan yana jiransa a gaba. Abin da ke yanke hukunci a bana shi ne sharaɗin da ke rubuce a kundin JAMB a gaban kwas ɗin a wannan kwalejin, ba maganar mai yin hanya ba. Ku sa a buɗe muku shi a cibiyar CBT ku karanta da idonku.

"Fara ka gyara daga baya" kuwa ita ce hanyar da ake bi a tsinci kai a diflomar cikin gida ba a sani ba. In sharaɗin ya ce Kemistiri, CAPS ba za ta saki gurbin ba, to a wane rajista za a sa sunansa?

Gyaran ba shi da wuya. Ya yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu: NECO da NABTEB suna yin tasu a Nuwamba zuwa Disamba, WAEC kuma tana da ta ƙarshen shekara da wata a farkon shekara. Za a haɗa da sakamakonsa na yanzu ya zama zama biyu, wanda aka yarda da shi. Kada ya shiga da niyyar Kemistiri kaɗai, ya sake Lissafi da Fiziks da Turanci da gaske, domin akwai jami'o'in da ke fifita mai zama ɗaya a wasu kwasa-kwasai, in ya haɗa biyar a sabon zaman ya huta. Ku lura dai sakamakon jarrabawar ƙarshen shekara sai cikin sabuwar shekara yake fitowa. Ku tambayi kwalejin ranar da za ta rufe ɗauka a CAPS. In ranar za ta riga fitowar sakamakon, to ya sayi fom ɗin JAMB na baɗi da zarar an buɗe, ya sa foliteknik a zaɓin farko tun daga rajista, kuɗin da za ku biya yanzu kuma ku riƙe abinku.